Idan Allura Ta Juyo Kan Mai Yin Ta

Ma'aikacin asibiti idan allura ta soke shi a bakin aiki, da wuya ka ji ya ɗaga murya. Zai ce "wash" can ƙasa-ƙasa, ya zare safar hannu, ya matse yatsan iya ƙarfinsa har jini ya ɗigo, ya kwarara sifirit ko Jik a wurin, ya manna filasta, sannan ya waiga ko akwai wanda ya lura. In babu, shi ke nan, sai ya wuce gado na gaba. Na ga likitoci sun yi haka, na ga ungozomomi, na ga 'yan ɗakin gwajin jini. A duk abin da na lissafa ɗin nan, zare safar hannun ne kaɗai ke kan hanya.

Ni ma'aikaciyar jinya ce a wani asibitin gwamnati a nan Arewa, kuma ni aka damƙa wa littafin da ake rubuta irin waɗannan raunuka. Littafi ne mai kauri, sai ya yi watanni a durowa ban buɗe shi ba. Wani babba ya taɓa zuwa duba aiki, ya ga shafukan fari fat, ya yi mini barka wai ma'aikatanmu sun ƙware. Girmansa ya sa na yi shiru. Wurin da ake ɗibar jini, ana ɗaura ruwa, ana ɗinke rauni dare da rana, a ce babu wanda tsini ya taɓa? Ana sokuwa, faɗi ne ba a yi. Ko a Amurka, da kayan aikinsu da yawan ma'aikatansu, cibiyar CDC mai yaƙi da cututtuka ta ƙiyasta cewa ma'aikatan asibitoci suna samun irin wannan rauni sau 385,000 a shekara, wato sama da 1,000 kowace rana, kuma rabi ko fiye na waɗanda abin ya shafa ba sa kai rahoto.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi nata lissafin a farkon shekarun 2000. Cikin ma'aikatan lafiya miliyan 35 da ke duniya a lokacin, kimanin miliyan 3 ne abu mai tsini ko kaifi da ya taɓa gurɓataccen jini yake shiga jikinsu kowace shekara. A shekarar 2000 kaɗai, wajen 66,000 sun kamu da ciwon hanta nau'in B ta wannan hanya, 16,000 da nau'in C, kimanin 1,000 kuma da HIV, mafi yawansu a ƙasashe irin namu. Alƙaluman sun kwana biyu, amma a dubi wacce ke sama da wacce ke ƙasa, domin a zukatanmu jerin a juye yake.

Duk wanda ya daure ya zo ofishina da yatsa a naɗe, zancensa ɗaya ne: "Anti, don Allah a duba mini, ko yana da ciwon nan." Ba ya ma iya kiran sunan kanjamau. Ban taɓa jin wanda ya fara da tambayar hanta ba. Alhali idan allurar da ta fito daga jikin mai HIV ta soki mutum, yiwuwar ya kamu kusan 1 ce cikin 300. In mai ciwon hanta nau'in C ne, kusan 2 cikin 100. In kuwa nau'in B ne, kuma wanda aka soka bai yi riga-kafi ba, tsakanin 6 ne zuwa 30 cikin 100, gwargwadon yawan ƙwayar cutar a jinin marar lafiyar. Ga ƙwayar da taurin rai: a busasshen jini, a kan tebur ko a bakin allura, tana kai kwana 7 da ƙarfinta. Sannan ta fi yawa a cikinmu nesa ba kusa ba. Babban binciken da aka yi a faɗin Nijeriya a 2018 ya gano HIV a jikin kashi 1.4 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 49, ciwon hanta nau'in B kuwa kashi 8.1 cikin 100 na manya. Ke nan a ɗakin kwanciya mai gado 24 kada a yi mamaki in mutum biyu na ɗauke da ita, kuma akasari su kansu ba su sani ba, zazzaɓi ko karaya ko haihuwa ce ta kawo su.

Yawancin manyan da B ta kama, jikinsu yana korar ta cikin 'yan watanni, wasu bayan sun sha jinya idanu sun yi ɗorawa. Ƙasa da 5 cikin 100 ne take zame musu ta dindindin, tana cin hanta a ɓoye shekara da shekaru har ta ƙanƙance ko ta zama ciwon daji. Nau'in C ya fi naci, ba shi kuma da riga-kafi, sai dai yanzu akwai ƙwayoyin da ake sha mako 12 su warkar da fiye da kashi 95 cikin 100, ga wanda ya gano da wuri kuma aljihunsa ya iya.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne wadda ta fi saurin kamun nan ita ce ke da allurar riga-kafi, tun farkon shekarun 1980. Sau uku ake yin ta: yau, bayan wata ɗaya, sai a wata na shida, kuma tana kare fiye da mutum 9 cikin 10 na manya masu lafiya. A Amurka ma'aikatan lafiya kimanin 17,000 ne suka kamu da B a 1983. Zuwa 1995, bayan an matsa kan riga-kafin, sun koma wajen 400. Mu a Nijeriya sai a 2004 aka sa ta cikin alluran jarirai. Duk wanda aka haifa kafin nan, wato kusan kowa da ke sanye da farin kaya a asibitocinmu yau, ba shi da ita sai in da ƙafarsa ya je ya nema. Na sha tambayar ɗalibai, sai a ce mini an yi ta farko, an yi ta biyu, ta ukun ce aka manta, ko kuɗi suka yanke, ko aka je aka tarar babu. Masu shara da masu wanki da masu tura gado kuwa ba a ma tunawa da su a zancen. A ganina bai kamata a bar ɗalibi ya riƙe sirinji a kan mutum ba sai ya nuna katin allura uku, kuma asibitin da ya ɗauki mutum aiki shi ya kamata ya biya.

Suka ma suka ta tara. Allura mai rami, irin ta ɗibar jini ko ta ɗaura ruwa, tana riƙe jini a cikinta, don haka ta fi allurar ɗinki haɗari. Wani bincike da aka buga a mujallar New England Journal of Medicine a 1997 ya kwatanta ma'aikatan da suka kamu da HIV bayan an soke su da waɗanda suka tsira, ya fito da abubuwa huɗu da ke ƙara haɗarin: sukar ta yi zurfi, ana ganin jini a jikin allurar, daga jijiya aka zaro ta, kuma ciwon ya riga ya ci ƙarfin marar lafiyar. Shi ne kuma ya nuna waɗanda suka sha maganin AZT bayan sukar haɗarinsu ya ragu da kusan kashi 80 cikin 100. Safar hannu ba ta tare allura, amma tana share wani abu daga jinin da ke jikinta, shi ya sa masu tiyata ke sa biyu-biyu.

Ba cututtukan nan uku ne kaɗai ke bin tsini ba. Tarihin Jos ya ishe mu misali. A 1969 wata nas 'yar mishan, Laura Wine, ta kwanta da wani baƙon zazzaɓi a garin Lassa da ke jihar Borno ta yau, aka ɗauko ta a jirgi zuwa asibitin mishan na Jos, ta rasu a can. Likitar da ta duba ta ita ce Dokta Jeanette Troup, Ba'amurkiya, wadda ta yi shekaru tana aiki a asibitin. Shekara na zagayowa zazzaɓin ya sake ɓulla a Jos, ya shiga ɗakin kwanciya yana kwasar marasa lafiya da ma'aikata. Dokta Troup tana binciken gawar ɗaya daga cikin waɗanda ya kashe, don a gane ɓarnar da yake yi a cikin jiki, sai wuƙa ta yanke ta a yatsa. Ta rasu a watan Fabrairun 1970. Duk rani da aka ce Lassa ta dawo nakan ba sababbin ma'aikata labarinta, in ce su lura ba ɗaliba ba ce, kuma a garin kaf babu wanda ya fi ta sanin muguntar abin da take taɓawa.

A ɗakunan kwanciya, sananniyar hanyar sokuwa ita ce mayar da murfi. Sirinji a dama, ɗan siririn murfi a hagu, ka nufi ramin, ka kuskure kaɗan, allurar ta shige yatsan da ke riƙe da murfin. Tun 1988 wata mai bincike a Jami'ar Virginia, Janine Jagger, ta nuna kashi ɗaya cikin uku na raunukan da ta ƙirga a asibitin jami'ar daga nan suka fito. An hana, an manna a bango, ana faɗa a kowane taron bita, amma ana yi. Kafin a zagi mai yi, a tambaye ta dalili. Kwalin zuba allura guda ɗaya ne, yana can gindin teburin nas-nas, ita kuwa tana gado na ƙarshe, tsakaninta da shi 'yan jinya ne kwance a tabarmi da yara masu rarrafe. Ta ratsa su da tsirarar allura, ko ta rufe? Sau da yawa tausayin mutane ne ke sa ta rufewar. Maganin abin kwalin ya zo inda hannu zai kai, a kan teburin da ake turawa da magani gado-gado. In rufewa ta zama dole, a ajiye murfin a kan tebur, a zura allurar ciki da hannu ɗaya, ɗaya hannun na can baya, sai ta shige sannan a danna.

Sauran hanyoyin duk wanda ya taɓa kwana a asibiti ya gan su. Wuta ta ɗauke ana tsakar ɗinke mai jego, ungozoma ta sa waya a baki tana haskawa, yatsanta na hagu na laluben inda allura za ta ɓullo. Yaro na fizge-fizge, uwar ta kau da kai ta saki ƙafar. Mai jijjiga ta ture hannu. A ɗakin tiyata ana miƙa wuƙa hannu da hannu maimakon a ajiye a faranti ɗayan ya ɗauka. Ga gajiya: nas biyu da ɗaki guda cike maƙil, tun bayan isha'i har hantsi, saboda abokan aiki sun tafi Saudiyya da Ingila ba a maye gurbinsu ba.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne wanda bai taɓa yi wa kowa allura ba. Akwai wani dattijo da ke kwashe mana shara, ma'aikacin wucin gadi. Wata safiya na ga yana ɗingishi, na tsayar da shi.

"Baba, me ya sami ƙafar?"

"Ba komai Hajiya, 'yar allura ce. Na ɗauko ledar shara tana reto, ta soke ni a ƙwauri."

"Yaushe?"

"An kwana biyu, tun wancan makon."

"Haba Baba! Me ya hana ka zuwa wurina?"

"To Hajiya, ƙaya ma tana sukan mutum a gona, wa yake kai ƙararta? Kuma kin san irin aikin namu, kada a ce tsoho ya fara ƙorafi."

Ba mu san daga jikin wa allurar ta fito ba, ba mu da wanda za mu gwada, lokacin maganin kariya daga HIV kuma ya riga ya wuce. Abin da ya rage muka yi: allurar tetanus, muka fara masa riga-kafin hanta, muka riƙa bin sa da gwaji. Allah ya kiyaye, bai kamu da komai ba. Amma wani mai ilimi ne, mai takardar shaida, ya jefa allurar nan a ledar shara, don kwalin ya cika ko ya yi masa nisa, ya wanke hannu ya tafi gida. Kwalayen nan masu ruwan ɗorawa ƙa'idarsu a rufe su in sun kai kashi uku cikin huɗu, a kai a ƙone. A wurinmu sai sun tumbatsa wani ya sa hannu ya danna, ko ruwan goge ƙasa ya jiƙa gindin ya ɓarke. In sun ƙare a sito, sai a jawo kwalin taliya.

Irin wannan akwati na cikin abin da ya canja doka a Amurka. A 1998, a wani asibiti a birnin Boston, wata gogaggiyar nas mai suna Karen Daley ta gama ɗibar jinin wani, ta miƙa hannu za ta jefa allurar a akwatin da aka tanada, sai wata allurar da ta leƙo daga ciki ta soke ta. Ba ta karya ƙa'ida ko ɗaya ba. Bayan watanni gwaji ya nuna ta kamu da HIV da ciwon hanta nau'in C a haɗe. Maimakon ta ɓuya, ta fito ta ba da labarinta har gaban 'yan majalisa, kuma a Nuwamban 2000 Shugaba Bill Clinton ya sa hannu a dokar da ta tilasta wa asibitoci amfani da allurai masu kariya, da ajiye littafin raunuka, da kuma, abin da ya fi burge ni, jin ta bakin ma'aikatan da ke riƙe allurar kafin a zaɓi wadda za a saya. Raunukan sun ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku bayan dokar. Ita kuwa Daley ta shugabanci ƙungiyar nas-nas ta Amurka daga 2010 zuwa 2014.

Mu nan ana yawan rikita sirinjin. Wanda ake yi wa yara riga-kafi da shi, mai kulle kansa in an danna sau ɗaya, marar lafiya yake karewa, don kada a sake amfani da shi a jikin wani. Tsininsa na nan a waje. Mai kare ma'aikaci daban ne: wani allurar ke komawa ciki da kanta, wani yana da marfi da ake turawa da yatsa ɗaya ya rufe bakin. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci ƙasashe su rungumi duka biyun. Sun fi tsada, gaskiya ne, kuma mai sa hannu a takardar sayayya ba shi ke neman jijiya da ƙarfe ukun dare ba.

To idan ta afku fa? A wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai gudana, a bar jinin ya fita da kansa. Kada a matse, kada a tsotsa, kada a zuba Jik. Naman wurin kawai suke ƙara ɓatawa. In jini ne ya fantsama a ido ko baki, a ɗauraye da ruwa mai yawa. Daga nan a gaya wa shugaban ɗaki a lokacin, ba sai an tashi aiki ba, a rubuta lokaci da irin allurar da gadon da ta fito. A gwada jinin marar lafiyar da izininsa, a gwada na ma'aikacin. In an ga HIV, ko ba a san mai jinin ba kuma da alamar haɗari, a fara maganin kariya. Yanzu ƙwaya ɗaya ce a rana, haɗin tenofovir da lamivudine da dolutegravir, kwana 28 ba fashi. Ta fi aiki in an sha cikin awannin farko; bayan awa 72 an makara. Takan sa tashin zuciya ko ciwon kai ko rashin barci a kwanakin farko, amma ba ta kama ƙafar wahalar magungunan da ba. Sai a sake gwaji bayan mako 6, da wata 3, wani lokaci har wata 6. Wanda bai yi riga-kafin B ba a fara masa a ranar, in da hali a haɗa da allurar garkuwa ta HBIG cikin awa 24, wadda samunta a wurarenmu sai an sha yawo, ga tsada.

Awa 72 a baki kamar da yawa. A ce ƙarfe goman daren Juma'a abin ya faru, sashen da ke ba da maganin HIV a kulle, mai makulli sai Litinin. Ƙarfe takwas na safiyar Litinin awa 58 sun tafi, ba a buɗe kati ba, ba a nemo likita ba. Maganin nan kyauta ake ba da shi, yana cikin harabar asibitin, ƙofa ɗaya ce tsakani. Ƙwayoyin kwana uku a durowar ɗakin gaggawa da ta ɗakin haihuwa sun isa su raba mu da wannan jira, ba sai an sa a kasafin kuɗi ba. Kuma irin wannan tanadi yana aiki: daga 1985 zuwa 2013 Amurka ta tabbatar da ma'aikatan lafiya 58 da suka kamu da HIV a bakin aiki, amma ɗaya tak daga cikinsu ne bayan 1999.

Sai dai duk tanadin ba ya amfanar wanda bai buɗe baki ba, kuma dalilan shirun ba na wauta ba ne. Ɗaliba na tsoron a tsinka ta a gaban mutane a ce ba ta iya aiki ba. Likita na ganin ya fi ƙarfin cike fom. Yakan leƙa fayil ɗin marar lafiya, ya dubi fuskarsa, ya ce ai wannan da ganinsa lafiyayye ne. Wasu gwajin farkon suke gudu, kada ya tono abin da ba allurar ce ta kawo ba, a ɗakin gwajin da duk ma'aikatansa sun san su, sun san gidajensu. Mata kuwa akwai ta gida. Wata ungozoma ta zauna a gabana tana juya robar maganin a hannu, ta ce, "Anti, ba shan ne damuwata ba. Yaya zan yi wa maigidan bayani? In ya ga robar nan fa? In abokiyar zamana ta gani?" Da gaskiyarta. Za ta shiga gida da maganin da unguwa ta san na masu kanjamau ne, ta kuma ce wa miji sai da kwaroron roba har gwaji ya kammala. Na ce ta turo shi in yi masa bayani da kaina. Ya zo, mutumin kirki, ya saurara har na gama, tambayarsa ɗaya ita ce me ya sa asibitin bai kare masa mata ba tun farko.

Nakan gaya wa kowa cewa rubutun nan kansa yake yi wa. Dokar biyan diyya ga ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF ke kula da ita, ta tanadi haƙƙi ga wanda ya ji rauni ko ya kamu da cuta ta dalilin aikinsa. To da me za ka kafa hujja bayan shekara biyar, in babu layi ɗaya a littafi, babu gwajin ranar da ya nuna jininka lafiya lau yake kafin sukar? Yanzu da Kano ta wajabta gwaji kafin aure tun 2024, har da na ciwon hanta, budurwar nas za ta iya jin labarin ana saura kwanaki ɗaurin aure, kuma ba allura dangin ango za su fara zargi ba.

Ku da ba ma'aikata ba ma zancen ya shafe ku. Mutanenmu akwai son allura. In likita ya rubuta ƙwaya sai a fita ana ƙunƙuni wai bai duba da kyau ba, a biya kemis a ce a haɗa da allura. Kowace allurar da ƙwaya za ta iya yin aikinta ƙarin tsini ne da wani zai ɗauka, wani ya zubar. Masu ciwon sukari da ke yi wa kansu insulin a gida, da masu kemis na unguwa, alluransu a bola suke ƙarewa, inda 'yan bola jari ke tono da hannu babu safa, yara kuma su tsinci sirinji su mai da shi bindigar ruwa. Jarka mai kauri mai murfin murɗawa ta wadatar: a tara a ciki, kafin ta cika a rufe gam a kai asibiti mafi kusa a ƙone.

Sannan wata rana kuna jinyar mahaifiyarku, wata nas za ta iya zuwa bakin gadon ta rusuna ta ce, "Mama, allurar da na yi miki ta soke ni, ina roƙon ki yarda a gwada jininki." Na ga inda 'ya'ya suka taso da faɗa, wai an raina musu uwa, ana jifan ta da mugun ciwo. Babu zargi a ciki. Ko limamin gari aka yi wa allurar haka za a nema. Gwajin gaggawa ne, ɗigon jini daga yatsa, kafin minti 30 an ga sakamako, kuma ba a shelar sa. In ya fito babu komai, yarinyar ta huta da shan magani na kwana 28 da zullumin watanni. In kuma an ga wani abu, ita ta fara nata maganin a daren, Mama ma a ɗora ta a kan nata, maimakon a jira sai ciwon ya kwantar da ita sannan a sani.